Sa Hannun Odaw

Ɗaki tara mahaifina ya bar mini a Alajo,
da rijiyar da ta daina ba da ruwa,
da mangwaron da ke jifan kwanon maƙwabci.
Bai bar mini takarda ko ɗaya ba
da za ta tsaya tsakanina da Odaw in ya cika ya batse.

Yakan ce Allah ne mai tsaron gida.
Gaskiyarka, Baba Mumuni.
Amma kai ma ba ka taɓa kwana ba ka sa kwaɗo a ƙofa ba.

Ran Laraba Naa Dedei ta zo daga kamfanin inshora,
takalminta bai saba da taɓon lungunmu ba.
Ta baje takardu uku a teburin da nake yanka kuɓewa,
ta ce in zaɓa.

Ta farko mai araha ce, koko ba ƙosai.
Gobara kaɗai ta sani.
Na ce, 'yata, wuta sau ɗaya ta taɓa leƙo mu,
shekarar da Kwabla ya cusa waya uku a soket guda.
Ruwa kuwa duk Yuni sai ya zo gaisuwa,
ba sallama, ba cire takalmi.
Dubi layin nan a bango, daidai ƙuguna.
Ba fenti ba ne.
Sa hannun Odaw ne.

Ta biyu ta ce ambaliya da manyan baƙaƙe.
Na kira jikata Ayishetu da idonta na makaranta,
ta bi ƙananan rubutun ƙasa
masu tafiya a jere kamar tururuwa:
ban da ginin da ke bakin magudana.
Na yi dariya har na sarƙe.
To ina ne a unguwar nan ba bakin magudana ba?
Laima ce aka ba ni
da sharaɗin kada sama ta zubo.

Ta uku na ga kuɗinta, na nemi ruwan sha.
Sannan na fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya,
yadda nake taya doya a kasuwar Nima.

In katangar baya ta faɗa wa ɗan Atinga yana ƙwallo,
wa zai biya asibiti?
Ta ce, mu.
Na karɓi hayar shekara biyu a hannun Akosua,
na zuba su a rufi, ko sidi ɗaya bai saura ba.
In ɗakin ya ƙi kwanuwa wata huɗu fa?
Ta ce, akwai shi, shafi na shida.
Keken ɗinkinta?
A'a, Hajiya. Bango naki, keke nata.
Sai ta nemi tata takardar.

Ta ce nawa gidan zai yi.
Na faɗi abin da Baba ya kashe.
Ta girgiza kai: ba jiya za mu gina ba.
Nawa buhun siminti yau?
Na yi shiru.
Ashe shekara talatin ina lissafi da farashin matattu.

Ban sa hannu ranar ba.
Na kai wa Malam Braimah takardar,
ya yi mini bayanin takaful, tukunyar da kowa ke zuba wa,
wanda ya ƙone ya ɗiba.
Na koma na ce da Naa Dedei: irin ta uku nake so,
amma a wannan tukunyar.
Sati biyu tana nema.

Yanzu takardar na cikin gwangwanin madara,
a saman kabad,
taƙi huɗu sama da sa hannun Odaw.

Ɗazu hadari ya haɗu ta wajen Achimota.
Na duba kwalbati, na kwashe ledoji,
na ƙwanƙwasa ƙofar Akosua:
ɗora kekenki kan tebur, 'yar'uwa,
ba ya cikin shafi na shida.